Farin Turke a Tsakiyar Kwara

Allah da Ya ba mu aron Baba Tsoho Ya karɓi abinSa ranar wata Talata da hantsi, ana tsakiyar dashen albasa. Kakana ne, mahaifin mahaifiyata. Ina cikin aji a Jega, inda nake koyarwa, Kawu ya kira ni a waya ya ce, "Sai haƙuri, tsohon mijinki ya tahi." Ko yaran ban sallama ba na fita. Kafin in isa garinmu Kashin Zama har an kai shi an dawo, domin shi da bakinsa ya sha cewa ranar tasa kada a tsaya jiran kowa, mutane na da ban ruwa a fadama.

Ban taɓa ganin gidanmu ya cika kamar kwanakin nan ba. Dangin Iya, kakata, suka zo daga Gehuru mota guda. Dillalan albasa na Aliero suka bar rumfunansu suka zo. Akwai wasu dattawa biyu na garinmu da suka daɗe ba sa ga maciji saboda kunya uku ta gona, sai ga su a tabarma ɗaya, kowanne na rantsuwa cewa marigayi bai cuce shi ba ranar da ya raba su. Kuka kaɗan aka yi, don ya haura tamanin kuma ya tafi ba tare da doguwar jinya ba. A cikin gida mata sun fi ba da labarinsa suna dariya, sai wata ta tuna inda take ta rufe baki ta ce astagfirullah.

A rana ta uku wani baƙo ya iso riƙe da zabi biyu, babu wanda ya san shi. Ya ce daga ƙetaren iyaka yake, bayan Kamba. Akwai turken gwamnati a gonarsu, kuma tun zamanin mahaifinsa wannan tsoho ke zuwa ya share gindin turken, ya bar musu ƙullin irin albasa ya wuce. Albasar da suke nomawa yanzu jikar wadda ya kai musu ce. Wani direba ne ya ba shi labarin rasuwar a kasuwa, ya ga ba zai iya zama ba.

A ranar ne kuma Baffa ya zo. Bafulatani ne daga rugar da ke bayan Karaye, abokin Baba Tsoho tun suna samari, kuma babban abokin gardamarsa. Saboda tsufa da sabo ya shigo har cikin gida ya gaida Iya. Ya zauna a bakin ƙofa ya jingine sandarsa. Can ya ce:

"Shekara nawa ina ƙetare gulbin nan da shanu, ban taɓa ganin hwarin turke cikin ruwa ba. Amma tunda shi yac ce akwai, to akwai. Mutumin ga bai san ƙarya ba."

Mata suka ce, "Ƙwarai kuwa." Ni kuwa na sunkuyar da kai na kama gyaran bakin zanena. Turken da Baffa ke magana, wanda aka ce yana tsaye a tsakiyar kogin Kwara daidai inda Nijeriya da Nijar da Benin suka haɗu, babu shi. Ni na ƙaga shi da bakina, na miƙa wa tsohon da idonsa ya riga ya tafi, ya karɓa ya dawo gida ya yi shekara biyu yana ba mutane labarinsa. Mutumin da duk ƙasarmu ta sani ba ya faɗin abin da bai tabbatar ba, ni na sa shi yawo da ƙarya har ya shiga kabari, ban kuma roƙi gafararsa ba. Abin da ke cina ke nan a zaman makokin, har ya fi rashinsa ciwo. Na rubuta wannan don kada a manta da shi, kuma don in sauke wannan kaya. Kawu da Baffa, in takardar nan ta iso gare ku, ku yi mini afuwa.

Kafin a san shi da yawon iyakar ƙasa, da iyakar gona aka san shi. Ba shi da sarauta, ba kuma malami ba ne. Manomin albasa ne kawai, mai ido da riƙo. In damina ta faɗi aka fara huɗa, garmar shanu ta ci kunyar maƙwabci, ko wani ya tumɓuke gambar da aka dasa kan iyaka ya matsar da ita taku biyu, mai gari sai ya ce a kira shi. Zai zo da 'yar fartanyarsa a kafaɗa, ba ya sauraron kowa tukuna, kowa ya yi ta kumfar bakinsa. Sai ya bi iyakar daga wannan kai zuwa wancan, ya tsuguna ya tona, ya nemo tsohuwar saiwar gamba a ƙarƙashin ƙasa ya ɗaga ta sama. "Wagga ba ta da dangi cikinku," yakan ce, "ita za mu tambaya." In kuwa bai samu saiwa ba, kuma ba a gabansa aka raba gonar ba, ko za a wuni ana roƙonsa ba zai yi shaida ba. "Ban gani ba" ita ce maganar da ya fi yawan faɗa, har samari suka mayar da ita sunansa a bayan idonsa.

Kawu ma bai tsira ba. Wata shekara rikici ya haɗa shi da maƙwabcinsa a fadama. Aka kira Baba Tsoho, ya tona, ya ce Kawu ne ya shiga da kunya biyu. Kawu ya yi wata guda yana gaishe shi daga nesa. Iya ta ce, "Haba Malam, ɗanka na cikinka?" Ya ce, "Ɗana na. Amma kunya biyun ga ba nashi ba na." Ya ci gaba da cin tuwonsa.

Yadda ya ba ni labari, yana saurayi ya bi motar albasa zuwa Kamba, motar ta lalace kusa da gari. Ya shiga wata gonar gero zai kama ruwa, sai ya ci karo da wani turken siminti, ciyawa ta rufe shi, da rubutu a jikinsa. Mai gonar na noma a gefe. Ya tambaye shi kabarin wane ne wannan. Mutumin ya yi dariya ya ce ba kabari ba ne, iyaka ce: nan ƙasar Ingilishi, can ƙasar Faranshi, kamar yadda tsofaffi ke kiran Nijeriya da Nijar. Gonarsa rabi nan rabi can, kuma tun da yake bai taɓa jin geron ya bambanta a tuwo ba.

"Nac ce mashi, wa ash shaida?" in ji Baba Tsoho. "Yac ce Nasara. Nac ce ina Nasaran? Yac ce sun tahi gida. Ki ji hwa, iyakar ƙasa guda, ba mai dibinta, ciyawa ta cinye! Ko gonar da ba ta da magaji ba a yi mata haka." Ya ari fartanyar mutumin ya share gindin turken tas. Daga ranar abin ya shige shi.

Duk shekara in an kwashe albasa an kai kasuwa, sauran manoma wani ya sayi babur, wani ya ɗaga katanga, shi sai ya ɗaura 'yar jakarsa. Buta ce a ciki, da tabarmar salla, da ƙullin iri, da fartanyar nan da ya rage wa ƙota don ta shiga jaka. Ya bi ta Kangiwa, ya bi ta Illela, ya gangara Tsamiya da Lolo wajen iyakar Benin. Ƙofar iyaka da motoci ke bi ba ta dame shi ba. Sai ya sauka a ƙauye ya nemi wanda ya fi kowa tsufa ya ce a nuna masa turke. In ya same shi ya yi masa sallama kamar mutum, ya share ciyawar, ya shafa rubutun da tafin hannu, ya sa wani ya karanta masa lambar don shi bai yi boko ba. Sannan ya yi raka'a biyu a wannan gefe, ya ci guzurinsa a wancan gefe, ya kamo hanyar gida. Ba ya ɗaukar hoto, ba ya rubutawa. Amma ka ce masa turken bayan gari kaza, zai gaya maka bishiyar da ke kusa da shi da gefen da ya tsage.

Iya ba ta taɓa gane abin ba, kuma ba ta ɓoye ba. "Mazan mutane su tahi Makka, nau ya tahi gaida siminti," takan ce tana ɗaure masa guzurin, kuma duk mitar nan ba ta taɓa bari ya tafi ba ƙuli-ƙuli da garin rogo ba. Da Allah Ya kai shi Makkan ma, abin da ya fara ba mu labari da ya dawo shi ne alamun da aka kafa na iyakar Harami, da yadda ake kula da su. Iya ta tashi ta bar wurin.

Ni ce jikarsa ta fari, don haka ni ce amarya, shi tsohon miji. In ya dawo sai in tare shi a zaure in ce ina tsarabata. Ya ce, "Na kawo maki gaisuwa daga ƙasa biyu, wace mace ta taɓa samun haka?" In ce gaisuwa ba ta ɗauruwa a ƙugu, ya ba ni takardata in tafi. Ya ce takarda sai an samu mai karanta masa, kuma ni kaɗai ce mai boko a gidan. Haka muke har na yi aure na haihu, bai fasa ba, ni ma ban fasa ba.

Sau ɗaya yawon ya kusa zama magana. Wajen iyakar Benin ne. Masu tsaro suna zagaye suka tarar da tsoho tsugune yana tona gindin turken gwamnati. Suka ɗauka ko tumɓuke shi zai yi, ko wani abu yake binnewa. Suka tafi da shi rumfarsu suka zazzage jakar. Ƙullin irin albasa ne ya fi ba su wahala, baƙaƙe ƙanana, aka yi ta sansanawa ana miƙa wa juna. Babbansu ya ce, "Baba, wa ya aiko ka?" Ya ce, "Ba kowa. Ku wa ya hana ku? Kuna nan zaune kuna tsaron iyaka, ita iyakar tana can gara ta gina gida kanta." Daga ƙarshe shayi suka ba shi, ya nuna musu yadda ake yayyafa iri a bayan rumfarsu. Da shekara ta zagayo ya koma ya duba, ya dawo yana faɗa wai sun bar awaki sun cinye.

Shi da Baffa kuwa gardama ɗaya suka yi ta yi rabin rayuwarsu. In an gama girbi Baffa ya kawo shanu cin kara a gonarmu, sai su zauna a inuwa su ɗauko ta daga inda suka ajiye bara. Baffa ya ce iyaka a cikin kan mutum take, shi saniyarsa ba ta taɓa tsayawa gaban siminti ba. Baba Tsoho ya ce, "Shi ya sa kullum aka kama ta cikin gonar mutane." Wannan maganar ta taɓa raba su kwana biyu. Iya ta aika wa Baffa fura, Baffa ya aiko da nono, aka dama aka sha, kuma babu wanda ya janye maganarsa.

Wuri ɗaya ya rage masa. Tun da daɗewa ya ji cewa can ƙasa da Kamba, wajen Dole Kaina, akwai inda ƙasa uku suka haɗu. A tunaninsa na manomi, inda gona uku suka haɗu nan ake kafa babbar alama, dutse ko bishiya, domin nan rikici ya fi tashi. To ina ga ƙasa uku? Ya tabbata a ransa turken wurin ya fi duk waɗanda ya taɓa gani. Da aka ce masa wurin cikin ruwa yake, sai ya ce gada ma ai cikin ruwa ake kafa ƙafarta. Ya yi ta ajiye zuwan kamar yadda ake ajiye tsokar nama sai ƙarshen tuwo, har yanar ido ta fara rufe masa gani. An kai shi asibiti an yi abin da za a iya, Allah bai nufa ba. Ya koma yana gane mu da murya.

A lokacin ne ya ce a kai shi. Kawu ya ce ba inda za shi. Yanzu ban ga laifin Kawu ba: tsoho ba ido, hanya da nisa, ga shiga jirgin ruwa. Amma a ranar na ga laifinsa, kuma na gaya masa da baki mai kaifi fiye da yadda ya kamata 'ya ta yi wa kawunta. Halina ne, in na hau ba na jin kira.

Kawu ya ce, "Ke Malama, boko ya hau maki kai. Ki kwashi tsoho ki kai shi gulbi shi ga mi? In kunka tahi kunka tarar ba komi, mi za ki ce mashi?"

Na ce in ba komai, ni zan ɗauki kunyar, ba shi ba. A tsakar gida na faɗa, gaban matan gidan duka. Baba Tsoho na zaune a kan tabarma yana jinmu. Sai da muka yi shiru ya ce, "Amarya, Asabar ko Lahadi?"

Asabar muka tafi. Maigidana ya aro mota, muka tashi bayan asuba, ta Jega, ta Kalgo, ta Bunza, muka isa Kamba da hantsi, kafin azahar muna bakin ruwa. Baba Tsoho ya sa farar rigarsa ta Juma'a, jakar nan na kan cinyarsa. Na ce wa zai yi shara a cikin ruwa da ya ɗauko fartanya? Ya ce shi bai taɓa zuwa wurin turke hannu rabbana ba, ba kuma yau zai fara ba. Maigidana da ya ga faɗin Kwara sai ya tuna cewa mota ta aro ce, bai kamata a bar ta ita kaɗai ba. Baba Tsoho ya ce, "Bar shi, amarya. Yau dai kin ga wanda ya hi cikinmu."

Muka samu wani mai kwalekwale mai inji, magidanci marar yawan magana, ya ce ya san wurin. Aka kama tsohon aka zaunar da shi a tsakiya, ya riƙe gefen jirgin da hannu biyu. Muka yi tafiya kamar ta rabin sa'a, muna wuce masunta da manyan jirage shaƙe da buhuna. Ni da ban taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwa ba, addu'a kawai nake yi. Can mai jirgin ya kashe inji ya ce, "Mun iso." Ya nuna mini da hannu: waccan gaɓa Benin, can gaba Nijar, bayanmu Nijeriya.

Na duba gabas, na duba yamma. Ruwa ne kawai, ja-ja, da kainuwa tana wucewa. Ko sanda babu.

Baba Tsoho ya gyara hularsa. Fuskarsa ta yi haske irin wanda ban taɓa gani a kanta ba, ya riga ya ciro fartanyar ya ɗora a cinya. Ya ce, "Amarya, ina shi? Ta wane gehe?"

Na buɗe baki in ce babu. Wallahi abin da na yi niyya ke nan. Sai maganar Kawu ta faɗo mini, na dubi farar rigar, na dubi hannunsa a kan ƙotar. Na ji bakina ya ce, "Ga shi can, dama da kai."

"Babba na?"

"Babba na. Ya hi mutum tsawo."

"Wane launi?"

"Hwari."

"Da rubutu?"

"Huska ukku gare shi, kowace da sunan ƙasarta."

Ina faɗa ina jin ƙaryar tana ƙaruwa, na kasa tsayar da ita. Ya ce a matsa da jirgin ya taɓa. Na dubi mai jirgin, idona cike da ƙwalla. Allah Ya saka wa bawan nan da alheri, ko kuma Ya yafe masa, ban san wacce zan roƙa ba. Ya ce, "Baba, ruwa na da ƙarhi wurin. In munka matsa, jirgi na iya bugunshi mu kihe."

Baba Tsoho ya ce, "To, ba komi." Ya ɗaga hannu wajen da na nuna masa ya yi sallama. Ya sunkuya ya ɗebi ruwan ya yi alwala, ya mayar da fartanyarsa jaka, ya ce mu koma kada mai gadin mota ya gaji.

A hanyar dawowa ya yi ta raha, ya sa aka tsaya a Kamba ya saya wa Iya busasshen kifi. Da muka iso Kawu na tsaye a ƙofar gida. Ya ce, "To, an gani?" Kafin in yi magana Baba Tsoho ya ce, "Hwari tas, huska ukku, ya hi ka tsawo." Kawu ya dube ni ya ce, "To Malama, ke ad da gaskiya. Ni nay yi kuskure, ki yi haƙuri." Ban taɓa jin ban-haƙurin da ya yi mini ciwo kamar wannan ba.

Labarin ya bazu, daga ƙofar masallaci har kasuwar Aliero. Ba zan ɓoye ba, shekara biyun nan sun yi masa daɗi. Ya daina zancen tafiya. Ya zauna a zaure, a kawo masa albasa ya shafa ya sansana ya faɗi fadamar da ta fito, kuma ba kasafai yake kuskure ba. Masu rikicin gona suka ci gaba da zuwa, yanzu sai ya ce su tona da kansu su kawo masa saiwar ya taɓa. Sau uku na taso daga Jega da niyyar in gaya masa gaskiya. Duk zuwan sai in tarar da mutane a zaure, ya ji muryata ya ce, "Yawwa, ga wadda tak kai ni. Amarya, gaya masu tsawonshi." Sai in ƙara wata ƙaryar a kan ta da, in koma gida da ita. Ko maigidana ban gaya wa ba.

Ranar addu'ar bakwai da safe, ni da Iya muna bayan ɗaki muna suyar wainar sadaka. Ita ke juyawa, ni ke zuba ƙullu a tanda. Mu biyu ne kawai. Na ga in ban faɗa yau ba, ba zan taɓa faɗa ba.

Na ce, "Iya, akwai abin da niy yi ma Baba Tsoho, ban samu na roƙi gahwara ba."

Ba ta ko ɗago ba. Ta ce, "Turken?"

Ludayin ya faɗi daga hannuna.

"Tun ranar da kunka dawo yag gaya man," in ji ta. "Yac ce ba komi wurin sai ruwa."

"Mai jirgin yag gaya mashi?"

"Wa zai gaya mashi? Mutumin da yat tsuhwa shina ban ruwa? Yac ce ko kara kak kahwa cikin hanyar ruwa, sai ruwan ya yi ƙara wurin wuce shi. Da anka kashe inji ya saurara, bai ji ruwa na bugun komi ba."

Na ce, "Bai ji haushi ba? Tahiyar da yad daɗe shina jira?"

"Haushin mi? Dariya yay yi ta yi. Yac ce ashe su ma manyan, da sunka iso ga gulbi, bar ma Allah sunka yi."

Na ce to don me bai faɗa ba? Don me ya yi ta gaya wa mutane, har a ƙofar masallaci?

Iya ta kwashe wainar da ta soyu ta zuba a kwando, sannan ta dube ni. "Ni ma na tambaye shi. Nac ce kai da ko ɗanka ba ka yi ma kara ba? Yac ce ɗana gona yac ci, ita wagga so na yas sa ta. Ta tsaya tsakar gida ta ce ita za ta ɗauki kunya. In nac ce ba komi, da wane ido za ta ƙara shigowa gidan ga? Yac ce tun da yat tashi bai taɓa shaidar abin da bai gani ba, guda ɗaya dai shina sa ran Allah Ya yahe mashi. In kuma an tambaya gobe ƙiyama, a rubuta ta wurinshi, ba wurinki ba."

Na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi ba ranar Talata. Iya ta bar ni na yi mai isata. Allah Ka jiƙan Baba Tsoho, Ka yalwata masa makwancinsa, Ka yafe masa wannan guda ɗaya, domin tawa ce, karɓa kawai ya yi.

Can Iya ta miƙo mini tsinken juyi ta ce, "Ya isa hakanan. Tashi ki juya, tana ƙonewa, mutane na jira."